Tayar Baya ta Hagu

Tomabechi ya miƙe yatsa ya nuna tayar baya ta hagu, ya ɗaga murya yadda har mai shara a ƙofar ofis sai ta ji.

"Taya, lafiya lau!"

Ko taɓa ta bai yi ba. Ɗan shuri kawai ya kai mata da bakin takalmi, dusar ƙanƙarar da ta kwana a gindinta ta ɗan zube, ya wuce ta gaba. Ma'aunin iska na nan soke a aljihun ƙirjinsa kamar biro, yana ta ƙyalli, don kullum sai ya goge shi. Rabon da ya sa shi a bakin taya kuwa tun watan Yuni.

Duk wanda ya san gidan kula da tsofaffin nan na bayan tashar jirgi ya san Tomabechi da zancen taya. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana jan bas ɗin gari. Ya yi ritaya, matarsa ta rasu, zaman gida ya gagare shi, ya dawo yana kwaso tsofaffi da safe yana mai da su da yamma. In ka kuskura ka zauna kusa da shi lokacin shan shayi, ka shiga uku. A auna iska tun taya na da sanyi, kafin mota ta motsa. Ido ba ya auna iska, ƙafa ma ba ta aunawa. Sanyin hunturu yana rage iska ko da taya ba ta yoyo. Ma'aikatan gidan sun haddace, har kwaikwayonsa suke yi in ya ba da baya.

Abin da bai gaya wa kowa ba shi ne gwiwarsa ta hagu ta daina lanƙwasuwa. Yana tafiya, yana tuƙi, amma in ya tsuguna sai dai a ɗaga shi. Ɗaure kekunan guragu a cikin mota ma tuni ya san dabarar da ya yi ya bar wa ma'aikaciyar da ke raka shi, wai don hannunta ya faɗa. Kowane watan Afrilu ake sabunta masa takardar aiki, kuma ya san ba a sabunta wa direban da ba ya iya tsugunawa. Tsoron komawa gidan nan shiru, daga shi sai agogon bango, ya fi masa ciwon gwiwar.

Yana cikin zagaya motar sai ga Ebina ta fito daga ofis tana hura hannuwanta. Mace ce mai shekara arba'in da shida, ba ta da yawan magana. Wata takwas ta yi tana neman aiki bayan an rufe kamfanin kifin da take yi wa, kafin a ɗauke ta nan a kan gwaji na wata uku, kuma ranar Juma'a gwajin ke ƙarewa.

"Ina kwana, Tomabechi-san. Yau ma ka riga kowa." A wajenmu "san" ɗin nan girmamawa ce da ake liƙa wa suna.

"Tsoho ai ba ya barci. Yau ke ce da mota ta biyu ko?"

"Ni ce, an yi mana musaya." Ta zaro nata ma'aunin, wanda shi ya matsa mata ta saya, ta nufi tayar baya ta hagu tana ɗan ɗage ƙafar wandonta za ta tsuguna.

Kwana goma ke nan da aka sa wa motocin tayoyin hunturu, kuma duk kwana goman nan mota ta biyu a hannunsa take. Hatiminsa goma ne jere a takardar duba mota. In matar nan ta auna ta tarar da iska ta ragu, ko da kaɗan ne, me zai ce?

"Bar shi, na riga na duba miki. Duka huɗun."

Ta tsaya da ma'aunin a hannu. "Ai da na ɗan..."

"Haba, Ebina-san." Ya yi 'yar dariya. "Shekara talatin da ɗaya fa. Ko kina ganin sai kin bi bayana?"

Kunya ta kama ta har kunnuwanta suka yi ja. A wajenmu ƙarami ba ya sake duba aikin da babba ya ce ya duba, balle a gaban idonsa. Da ka yi masa haka gara ka zage shi. Ta rusuna ta ba shi haƙuri, ta mai da ma'aunin aljihu. Sannan ta ɗauko takardar, ta ciro ɗan hatiminta, ta danna shi a jan tawada, ta buga a gurbin yau, ƙarƙashin nasa goma. Shi kuma ya hau mota ta farko ya buga nasa, ya kama hanya da ransa wasai.

Ƙarfe tara da minti ashirin ya dawo da tsofaffinsa. Yana bakin ƙofa yana sauya takalmin waje da na cikin gida sai ya ji wayar ofis ta yi ƙara, ya ji manaja Nakui yana ta cewa, "E. E. A ina? Akwai wanda ya ji ciwo?" Tun kafin manajan ya fito da rigar sanyinsa a hannu, Tomabechi ya sha jinin jikinsa.

Shi ya tuƙa manajan zuwa wurin. A kwanar da ke gangarowa daga ƙauyen kan dutse ne, tsakanin gonakin tuffa. Motar ta kifa hancinta cikin lambatu, bayanta a sama, tayar baya ta hagu ta saɓule daga ƙarfenta tana reto. Motar asibiti ta riga ta tafi da tsohuwa ɗaya, Kaka Kasai, wadda ta dafa kujerar gabanta hannunta ya karye. Sauran ukun ba abin da ya same su sai firgita, suna zaune a motar mai gonar an lulluɓe su da barguna. Ebina na tsaye cikin ƙanƙarar da ta narke, takalmanta sharkaf, tana rusuna wa ɗan sanda, ta juya ta rusuna wa mai gona, ta juya ta rusuna wa tsofaffin, kamar an ɗaura mata igiya ana ja.

Makanikin da ya zo jan motar Tsushima ne, wanda suka yi firamare tare da Tomabechi. Ya cusa hannu cikin tayar, ya ɗebo baƙin garin roba cike da tafi ya nuna wa manaja.

"Ba iska, yallaɓai. Ta yi ta tafiya a kan gefenta har ta cinye kanta, da aka zo kwana ta zame. Ba gudu ba ne, ba santsi ba ne."

Nakui yaro ne a kansu, bai wuce talatin da biyar ba, kuma mutum ne mai son takarda. Ya leƙa motar ya ɗauko takardar duba mota, ya bi ta da yatsa har ƙasa.

"Ebina-san, wannan hatiminki ne?"

"Nawa ne, yallaɓai."

"Kin auna iskar yau da safe?"

Tomabechi na tsaye bai fi taku uku daga gare ta ba. Ya jira ta juyo ta dube shi, har ya fara tsara abin da zai ce. Ba ta juyo ba.

"Ban auna ba. Laifina ne. A yi haƙuri."

Da ta nuna shi da yatsa ta ce ga shi nan, da ya fi masa sauƙi, don ya iya musu. Wannan shirun nata ne bai san inda zai sa shi ba. Ya buɗe baki, abin da ya fito kuwa shi ne, "Bari in taimaka a ɗaura igiyar."

Suna bayan motar su biyu, Tsushima ya rage murya, ya kira Tomabechi da sunan yarinta, kamar yadda suka saba kiran juna. "Shige, bakin hura iskar ne ke yoyo, kaɗan-kaɗan. Wannan ba aikin kwana ɗaya ba ne. Ta yi sati tana sauka, ko ma fiye. Wa ke jan ta kafin yau?"

"Ja motarka ka tafi, Masao. Tun muna 'yan aji ɗaya surutu ke damunka."

"Oho dai. Ni abin da aka tambaye ni kawai zan rubuta." Ya goge hannunsa a wando, ya dubi ƙafar Tomabechi ta hagu, ya hau motarsa.

Da azahar suka tafi asibiti su uku, manaja a gaba da kwalin alawar wake an naɗe shi da farar takarda. Kaka Kasai tana zaune a kan gado, hannun dama a ɗaure har gwiwar hannu. Shekarunta tamanin da bakwai, bakinta kuwa har yanzu bai tsufa ba. Ɗanta na tsaye a bakin taga ya haɗe rai.

Suka jeru suka rusuna. Manaja ya yi jawabin ban haƙuri, ya ɗago. Tomabechi ya ɗago. Ebina ta ci gaba da zama a sunkuye.

"Ke 'yar nan, ɗago haka nan, bayanki zai riƙe ki zo ki kwanta kusa da ni," in ji tsohuwar. "Hannu ne, ba wuya ba. Abin da ya dame ni kawai, an rataye min dayikon arba'in, farin tushen nan mai kama da ƙaton karas, a bayan gida sun sha iska, gobe zan jera su a gishiri. Yanzu sai surukata ta jera, ita kuwa ko shinkafa ta dafa sai an sha da cokali."

"Mama, ya isa," ɗan ya ce. Ya juya ga manaja. "Ni tambaya ɗaya gare ni. Wadda ta buga hatimi ba ta duba ba, gobe ma ita za ta ɗauko iyayen mutane?"

"Za mu ɗauki matakin da ya dace," in ji Nakui, ya sake rusunawa.

Tsohuwar ta dubi Tomabechi, wanda ta sani tun yana yawo da gajeren wando. "Kai kuma Shige, ina ka shiga yau? Da kai ne a gaba ai da yanzu ina can ina cinye su tsoho Kimura a wasan kati. Kai da ko a jana'iza sai ka leƙa tayar motar gawa."

Ɗan ma sai da ya murmusa. Tomabechi ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya yi dariyar da ake jira ya yi, ya ji ƙyamar kansa tun dariyar ba ta gama fita ba.

Da za su fita ta yafito shi da hannun hagu, ta jira sauran suka kai ƙofa.

"Tunda ka zo asibiti, sauka ƙasa a duba maka gwiwar nan."

"Wace gwiwa, Kaka? Lafiyata ƙalau."

"Kai, tafi can! Mu za ka ɓoye wa gwiwa? Duk 'yan motarka sun sani tun bazara. Har gardama muke yi, ni na ce ta hagu ce, Kimura ya ce duka biyun."

Ya fito daga ɗakin. Wata biyar yana cije baki, yana hawa matakala a miƙe kamar soja, ashe tsofaffin da yake ɗauka suna zaune a bayansa suna kallo.

Manaja ya tsaya cike takardu, ya ce su jira shi a mota. Ebina ta shiga baya ta zauna, hannuwanta a kan cinya. Ta madubi ya hango bakin farar ambulan ya leƙo daga jakarta. Ya san irinta, a ƙaramin kantin asibitin ake sayar da ita.

"Ebina-san. Zancen safen nan..."

"Hatimina ne a takardar, Tomabechi-san. Ba wanda ya riƙe min hannu."

"Amma ai ni na ce..."

"Ka ce ka duba. Wataƙila bayan ka duba ta sace." Ta faɗa a hankali, tana kallon waje. Ta ba shi hanyar fita, shimfiɗaɗɗiya, kuma dukansu sun san ƙarya ce. "Gara in miƙa takardar ajiye aiki da kaina kafin Juma'a. Wanda ya ajiye aiki yana samun wani. Wanda aka sallama a garin nan kuwa, ka sani."

"'Yarki fa? Ba bana take jarrabawa ba?"

"Kada ka sa 'yata a ciki, don Allah."

Ya riƙe sitiyari da hannu biyu kamar motar na tafiya. Ya ce wa kansa ita ƙaramar mace ce, za ta samu wani aikin. Ya ce wa kansa doka ta ce kowa ya duba motarsa, kuma ba ta duba ba. Ya ce ko ya yi magana hannun tsohuwa ba zai ɗoru yau ba. Duk maganganun nan gaskiya ne, amma ko ɗaya ba ta wanke shi ba.

Ƙarfe uku da rabi, kafin a fara mai da tsofaffi gida, Nakui ya tara ma'aikata duka a farfajiya, har masu girki da farar hularsu. Rana ta yi ƙasa, sanyi ya fara cizo. Tsofaffin sun jeru a bayan gilashin zaure, don yau sun samu abin kallo da ya fi talabijin. Ebina na can ƙarshen layi, jakarta a rataye, ambulan ɗin yanzu a hannunta take.

"Abin da ya faru yau ba zai sake faruwa ba," in ji manaja. "Hatimi ba ado ba ne. Mun yi sa'a muna da wanda ya san aikin nan fiye da kowa a lardin nan. Tomabechi-san, don Allah ka nuna mana yadda ake yi, daga farko, kowa ya gani."

Wani daga baya ya yi raɗa, "Ido ba ya auna iska," aka ɗan yi dariya ƙasa-ƙasa.

Zai iya zamewa. Zai iya cewa gara wani matashi ya yi, shi ya tsaya yana gyara masa. Wata biyar yana irin wannan, ya ƙware. Ya zaro ma'aunin daga aljihu, ya dube shi, ya taka zuwa tayar baya ta hagu ta mota ta farko. Ya dafa jikin motar ya fara sauka. Gwiwar ta ƙi. Ya matsa mata, wani zafi ya soke shi har cikin ƙugu, ya zube gaba ɗaya a kan gwiwoyinsa cikin ruwan ƙanƙara. Ya ji wata daga masu girki ta ce, "Wayyo!"

Bai ɗago ba. Ya murɗe ɗan murfin bakin tayar, ya danna ma'aunin, iska ta yi ɗan tsaki. Ya karkata shi wajen haske ya karanta. Ɗari uku da hamsin, daidai abin da ke rubuce a jikin ƙofar direba, ba ragi ba ƙari. Da safe shi ya buga hatimin motar nan kuma bai auna ba. Ebina, wadda ta riƙe ta kwana goman da suka wuce, ita ta bar ta haka.

"Ɗari uku da hamsin," ya ce.

"Madalla. Kun gani ko?" in ji Nakui. "To, Tomabechi-san, mu je ta gaba."

"Ba zan iya tashi ba, yallaɓai."

"Na'am?"

"Ba zan iya tashi ba. Tun watan Yuni ban iya ba, kuma tun watan Yuni ban auna taya ko ɗaya ba. Shurinsu nake yi in yi ihu." Ya dafa ƙasa da hannu biyu, ruwan sanyi ya shiga hannun rigarsa. "Mota ta biyu kwana goma tana hannuna tana yoyo, hatimina goma na nan a takardar, ka tambayi Tsushima. Yau da safe Ebina-san ta fito da ma'auninta za ta auna, ni na hana ta. Na ce na duba. Na ce ko za ta bi bayana ne. Tsoro nake ji kada ta gano. Wannan motar da kuka ji daidai take, aikinta ne. Ni na karya hannun Kaka Kasai."

Nakui ya dubi takardun da ke hannunsa kamar amsar na ciki, ya dubi Ebina. A bayan gilashi wani tsoho ya matso da kekensa don ya ga da kyau.

Ebina ce ta fara motsi. Ta ninke farar ambulan ɗin biyu ta tura a aljihu, ta ratso layin ta zo ta tsaya a kansa. Ya ɗauka hannu za ta miƙo masa, har ya fara ɗago nasa. Sai ta ɗage ƙafar wandonta ta tsuguna a gefensa, ta zaro nata ma'aunin.

"Ɗan matsa, Tomabechi-san."

Ya ja jiki a kan gwiwoyinsa ya ba ta wuri. A gabansa, a gaban manaja da masu girki da tsofaffin da ke bayan gilashi, ta danna ma'aunin a bakin tayar da ya gama aunawa yanzun nan. Ta karanta, ta mai da murfin ta murɗe shi sosai, ta miƙe yatsa.

"Taya, lafiya lau."

Ta tashi ta nufi ta gaba. Shi kuma ya zauna a nan cikin ruwan ƙanƙara yana jira ta gama sauran ukun.